Mutane Kamar Itatuwa

Karatu: Markus 8:14-33, Ayyukan Manzanni 6:1-7.

Labarin makahon Baitsaida gajere ne, ayoyi biyar ne kawai (22-26), mai karatu kuwa ya kan wuce shi da sauri. Bari mu dakata a kansa. Markus kaɗai ne ya rubuta shi, kuma cikin dukan waɗanda Ubangijinmu ya warkar, wannan ne kaɗai aka ce ya ɗora masa hannu sau biyu kafin lafiyarsa ta cika.

Aka kawo masa makaho. Ya kama hannunsa, ya fita da shi bayan gari, ya tofa masa miyau a idanu, ya ɗora masa hannu, kana ya tambaye shi ko yana ganin wani abu. Mutumin bai yi kara ba. Ya ce yana dai hangen mutane, amma ba ya iya rabe su da itatuwa, sai don suna tafiya. Wanda ya taɓa yin sammako cikin hazo ya san wannan: ka hangi abu tsaye a bakin hanya, ba ka san ko kututture ne ko mutum ba, sai ya motsa.

Don me sau biyu? Ba ikon Ubangiji ne ya gaza ba. A ganinmu, amsar tana wurin da Markus ya ajiye labarin. Kafin wannan, almajirai suna cikin jirgi suna damuwa don gurasa ɗaya tak su ke da ita, su da suka ga an ƙosar da dubu biyar da dubu huɗu, har Yesu ya tambaye su amfanin idanunsu (aya 18). Bayan wannan kuma, a hanyar Kaisariya Filibi, Bitrus ya shaida Yesu ne Almasihu, amma da ya ji zancen giciye sai ya shiga tsauta wa Ubangijinsa. Ya gani, bai kuwa gani sosai ba. Ashe makahon nan hoton almajirai ne.

Mu da mu ke aikin juyi mun sha wahala a aya 25. Kalmar Helenanci da Markus ya sa a nan ba ta sake fitowa ko'ina cikin Sabon Alkawari ba, ma'anarta kuwa ganin abu sarai ko daga nesa. Ku lura kuma, da mutane aka gwada idon nan tun farko. Muddin mutum da itace duk ɗaya ne a gare shi, bai warke ba tukuna.

To, ina mu ke? Da yawa cikinmu an taɓa mu sau ɗaya. Mun san Mai Ceto, muna waƙa, muna ba da baiko. Amma ran Lahadi mu kan ƙidaya kawuna, mu yi murna ɗakin sujada ya cika, ba mu lura da gwauruwar da ta daina zuwa tun da zanenta ya yage ba. Itace ba ya jin yunwa, ba ya jin kunya. Mu kan sha inuwarsa, mu wuce. Haka mu ke yi da mai sharar ɗakin sujada, da matar mai bishara wadda ta ke dafa wa baƙi alhali rumbunta ya kusa ƙarewa. Mabukaci na gaske kuwa ba safai ya kan yi magana ba. In ka gaishe shi, lafiya lau zai ce maka.

Kada mu ce wannan cutar masu raunin bangaskiya ce kaɗai. Ekklesiyar Urushalima tana da manzanni a cikinta, duk da haka ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kowace rana. Luka bai ce wani ya yi sata ba. Ba a gan su ba ne kawai, mai yiwuwa don harshensu dabam ne. Wannan ya shafe mu ƙwarai, gama a ikilisiyoyinmu kabilu da yawa su ke zama a benci ɗaya, Hausa ce ta haɗa su, amma in an tashi kowa ya kan nemi mai jin yarensa. Manzanni ba su yi fushi da gunagunin ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa da sunayen Helenanci, tun daga Istifanas har Nikolas mutumin Antakiya. Ga alama, waɗanda suka san gwaurayen nan aka danƙa wa aikin.

Kafin a tashi, bari shugaba ya tambayi ƙungiya: Wa ya zauna kusa da kai ran Lahadin da ta wuce, me kuwa ka sani game da gidansa? Wa ya yi wata guda bai zo sujada ba? A ambaci sunayensu cikin addu'a, sa'an nan a sa mutum biyu su je gaishe su kafin taro na gaba.