Gaisuwa da Harshen Mai Gari: Ladabi ne ko Roƙon Iri?



'Yan uwa, mu da muka zo Jimeta daga Kano, Katsina, Zariya da sauran garuruwa, Hausa ta shagwaɓa mu. Bafulatani, Babachame, Ibo, kowa da Hausa yake mana magana a kasuwa. Sai ka ga mutum ya shekara 20 a Adamawa bai san "useko" godiya ce da Fulatanci ba. Ranar da zai tsallaka Garwa ko Ngaundare sarin kaya, haka zai tafi, yana jiran mutanen Kamaru su karya harshensu saboda shi.

To, koyon kalma biyar ko goma kafin tafiya, haƙƙi ne a kanmu, ko dabarar ciniki ce kawai?

Wani zai ce: "Ai gaisuwa da roƙon iri ce. Ka ce 'jam na?' don a rage maka farashi, in aka zarce da hira ka yi zuru." Akwai gaskiya a nan, domin aiki yana tare da niyya. Amma mu duba Sunna. Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙu, ya kuwa iya cikin kusan rabin wata. Wannan buƙata ce, kuma halal ce. Sai kuma Ummu Khalid, yarinya ƙarama da aka haifa a Habasha. Da ya sanya mata riga, da kalmar Habashanci ya yaba mata kyanta. Me yake nema a wurin yarinya? Faranta mata rai kawai.

Ga ma'auni mai sauƙi. In jami'in kan iyaka da mai shago kaɗai kake gaisarwa da harshensu, amma ɗan dakon da ya ɗauki kayanka sai nuni da hannu, to ciniki kake yi. In ka gaishe su duka, wannan shi ne ladabi. Suratur Rum, aya ta 22, ta lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah. Ta yaya za ka raina abin da Allah Ya kira ayarSa?

Waya tana fassara, haka ne. Amma fa ba ta ƙanƙan da kai a madadinka. Baƙon da ya yi tuntuɓe da harshen mai gari har aka yi masa dariya, ya nuna ya san a gidan wani yake.

Kafin ka tashi, riƙe shida: gaisuwa, godiya, ban haƙuri, "nawa ne", "ina masallaci", da "ban gane ba". Ta ƙarshen nan tana hana rigima kan lissafin sefa. A arewacin Kamaru Fulatanci na kasuwa ne, Faransanci na ofis.

Kuma ba sai ka yi nisa ba. Tun 1841 Modibbo Adama ya kafa Yola, mu ne muka zo muka tarar. Yau bayan Juma'a, tambayi maƙwabcinka "noy saare?", wato yaya gida.

Allah Ya sa mu zama baƙi na gari, Ya kai matafiyanmu lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci