Bashin da ɓera ke bin ɗan Adam

Manomin tattasai na bakin Komadugu, daga Diffa har Bosso, ya san ɓera a matsayin ɓarawon rumbu. Sai dai akwai wani ɓera da bai taɓa sata ba: na ɗakin gwaji, wanda ake haifa don a sa masa cuta.

Domin gane ciwon dajin magudanar matsarmama, masana kan sauya wasu ƙwayoyin gado a hantar ɓera, kamar KRAS da p53, sannan su zuba ido har ƙari ya tsiro. A 2012 an gano ta wannan hanya cewa ƙwayar hanta kanta tana iya rikiɗa ta zama tushen ciwon. Shin halal ne a jefa mai rai cikin azaba don a ceci wani mai rai?

Wanda zai ce a'a, ya dubi abin da aka samu. A Tailan, inda ake cin ɗanyen kifi, wata tsutsa kan shiga magudanar matsarmama. Gwajin da aka yi a 1978 kan hamsta, dangin ɓera, ya taimaka wajen tabbatar da hannunta a wannan ciwo. Maganinta, praziquantel, shi ne kuma maganin tsargiya, cutar da yara ke ɗauka a ruwan gulbi, kuma sai da aka gwada shi kan dabbobi kafin Nijar ta soma raba shi a makarantu a 2004.

Wanda zai ce i, shi ma kada ya yi garaje. Tun 1959 Russell da Burch, a Ingila, suka gindaya sharuɗɗa uku: a nemi madadin dabba in akwai, a rage yawanta, a sassauta mata wahala. Makiyayin da ke wasa wuƙa kafin yanka ya riga su sanin na uku.

Amma akwai sharaɗi na huɗu. Ran da aka ɗauka rance ne, kuma ba a iya biyan ɓera; majinyaci ake biya a madadinsa. In ilmin ya tsaya a asibitocin masu hali, masuncin Bosso kuwa idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ba a gano cutarsa ba sai bayan lokaci ya ƙure, to an ci amana sau biyu: ta dabba da ta mutum. Halaccin gwajin yana rataye ne da isar magani ƙofar talaka.