Fatawa: Hukuncin Sayar da Tramol da Kodin Ba da Takardar Likita Ba

Tambaya: Ina da ɗan kemis a ƙasar Shanga. Masunta da manoman albasa da 'yan ƙwadago suna zuwa neman tramol, suna cewa ƙarfin aiki suke nema, ba maye ba. Asibiti da nisa, likita kuma ba kullum ake samunsa ba. Shin ya halatta in sayar musu, tunda magani ne ba giya ba?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka ci gaba. Bai halatta ka sayar da tramol ko kodin ga wanda bai zo da takardar likita ba, kuma ribar wannan ciniki ba halal ba ce. Amma majinyacin da likita ya rubuta wa, kamar mai sikila, ko wanda aka yi wa tiyata, ko mai ciwon daji, babu laifi a kansa ya sha gwargwadon yadda aka ƙayyade masa.

Maganarka cewa ba giya ba ne tana da tushe a mazhabarmu ta Malikiyya. Imam al-Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya kasa abubuwan da ke taɓa hankali gida uku a littafinsa al-Furuƙ: mai bugarwa tare da nishaɗi, kamar giya, mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai kwantar da mutum har ya daina ji da gani. Na farko kaɗai aka keɓe da hukunci uku: haddi, da najasa, da haramcin ko da kaɗan ne. Sauran biyun masu tsarki ne, kuma kaɗan ɗinsu da bai taɓa hankali ba bai haramta ba. A kan haka ne malaman Malikiyya suka halatta a gusar da hankalin mutum don a yanke masa gaɓar da ta lalace. To sai dai wannan rangwame yana rataye da sharaɗi ɗaya, wato a tsaya kan adadin da ba ya cutarwa. Abin da ya wuce nan haramun ne ba tare da saɓani ba, kuma Abu Dawud ya ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana duk mai bugarwa da duk mai kashe jiki.

Wa zai san wannan adadi? Ba mai sha ba, domin tramol da kodin dangin afiyun ne, jiki yana sabawa da su, ƙwaya ɗaya ta yau gobe ba ta isa. Hanta tana juyar da kodin ya koma mofin a cikin jiki. Tramol kuwa, likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, kuma idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da sarƙewar numfashi. A doron ƙasa mai jijjiga kan sami wanda zai riƙe shi. Masuncin da abin ya kama a cikin kwale-kwale, tsakiyar tafkin Kainji, da dare yana jan taru, wa zai riƙe shi? Abin da suke kira ƙarfi kuwa ba ƙarfi ba ne, an dai toshe wa jiki hanyar sanar da gajiya.

Saboda haka dokar hukuma a wannan babi ita ce ma'aunin da fiƙihu ya nema. Hukumar NAFDAC ta amince da tramol mai miligiram 50 da mai 100 kawai, da takardar likita. Masu 200 da 225 da 250 da ke yawo a kasuwanni haramtattu ne, su ne hukumar NDLEA ke kamawa. A watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta watsa, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya hana shigo da kodin don haɗa maganin tari. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan ƙwayoyi ba don jinya ba. Lasisin mai kemis ma bai ba shi izinin ajiye su ba tun farko. Wani zai ce ai wannan dokar gwamnati ce, ba Shari'a ba. Amsa ita ce aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta wajabta bin majiɓinta al'amari cikin abin da ba saɓo ba ne, kuma malamai sun yarda shugaba ya taƙaita halal don kare maslahar jama'a. Nan kuwa abin da ake karewa hankali ne da rai.

Nisan asibiti uzuri ne na gaskiya, kuma nauyinsa yana kan hukuma. Amma lalura tana halatta abu ga mai ciwo ne, gwargwadon ciwonsa. Gajiyar noma da kamun kifi ba ciwo ba ce da ke buɗe wannan ƙofa, mai ciwon jiki kuwa akwai farasitamol da makamantansa da dokar ta yarje maka. Cewa in ba ka sayar ba wani zai sayar, wannan ba hujja ba ce. Malikiyya sun haramta sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, ko da akwai wasu masu inabi a kasuwa.

Abin da ke hannunka kada ka ƙarasa sayar da shi, ka miƙa shi ga hukuma. Wanda ya riga ya kamu, kada a wulaƙanta shi, kada kuma a ce ya yanke rana ɗaya, domin yankewa farat ɗaya na jawo zufa da rawar jiki da rashin barci har ya koma. A kai shi asibiti, kamar na Yawuri ko na Birnin Kebbi, likita ya rage masa a hankali. Abin da zai sha a wannan mataki jinya ce, ba laifi.

Allah ne mafi sani.