Ɗana, Kafin Ka Shiga Kwari Neman Yadin Riga Irin Ta Kaka

Ɗana, na ji kana so a ɗinka maka babbar riga irin wadda kakanka ya sa a hoton nan na bango, mai aska takwas a ƙirji. Madalla. Amma zauna tukuna, kada ka ɗauki kuɗi ka nufi Kantin Kwari da zafinka.

Fara zuwa wurin maɗinki, tsoho, wanda ya taɓa yanka irinta. Shi zai faɗa maka yadi nawa za ta ci, da irin ƙyallen da zai iya ɗaukar nauyin aikin. Yau da yadi goma na shadda ake fitar da riga da 'yar ciki da wando, to amma ta kakanka ba shadda ba ce. Saƙi ne, saƙar hannu, siraran ƙyallaye da aka harhaɗa ɗaya bayan ɗaya da allura. Shi ya sa take da nauyi, kuma in an naɗe hannunta a kafaɗa sai ta zauna daram. Ka zuba aska takwas a kan yadi marar jiki, aljihun zai rinjayi wuyan, rigar ta riƙa zamewa gaba kamar an rataya mata dutse. Saƙi na gaske sai ka leƙa Kasuwar Kurmi, ko ka bi masaƙa har gida ka ba da aiki ka jira.

In ka shiga kasuwa, bar ido ya huta, hannu ya yi aiki. Murza ƙyallen. In wani farin gari ya zubo, sitaci ne aka cika shi da shi, wanki ɗaya zai tona asirinsa. Roƙi mai shago ya zare maka zare ɗaya daga bakin yadin, ka fita waje ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci ta bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Mai haɗin leda kuwa narkewa yake yi ya dunƙule. Ni kaina an taɓa sayar mini da irinsa da sunan auduga zalla, na sa shi ranar Idi cikin zafin bazara, tun ba a tayar da salla ba na jiƙe sharkaf.

Baƙin rini ma ka san abin da kake nema. Turkuɗin Kura, wanda ake bugawa har ya yi ƙyalli, dama yana zuba a jiki, kuma Abzinawa ado suke ɗaukar wannan shuɗin. Amma in rigar yau da gobe kake so, je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tana nan tun 1498, ka tambayi marina da bakinka wane rini ne zai jure wanki. Akoko kuwa a wanke shi kafin a yanka, domin yana shiga.

Sai ƙananan kaya, inda matasa suka fi yin kasala. Zaren aikin wuya na da, tsamiya ne ko auduga, launinsa a kwance, ba ya walƙiya. Zaren zamani mai sheƙi zai sa rigar ta yi ihu. Saya isasshe lokaci guda daga hannu ɗaya, don in ya yanke a tsakiyar aiki da wuya ka sami launin da ya yi daidai. Kada ka manta da ƙyallen shafi na cikin gindin riga. Manyan da alharini suke sawa, ja mai duhu, wanda ba a gani sai mutum ya taka. Wandon kuma ƙubaka za a yi masa a zura mazagi, saboda haka zif da roba ka bar su a shago.

Kuɗin aikin hannu zai iya fin na yadin, kuma wata da watanni ake yi ana dukan allura. In don Babbar Salla kake so, kai wa mai aikin tun kafin azumi.