Tukunya Ta Biyu: Sakin Ɗacin Rai a Gidan da Giya Ta Shiga

Karatu: 1 Sama'ila 25, Matiyu 18:21-35, Afisawa 4:26-32



Wata ranar Lahadi da aka yi Jibin Ubangiji, wata uwa daga cikin Zumuntar Mata ta tsaya bayan an tashi sujada. Ta jira har majami'a ta watse, sa'an nan ta ce mini, "Baba Fasto, yau wata shida ke nan ban ci jibi ba. Kuɗin cittar da muka sayar, wanda na sa rai zai biya wa yara makaranta, maigidana ya ƙarar da shi a gidan giya. Yanzu ko tarinsa na ji daga ƙofar gida, sai zuciyata ta tafasa. Na daina yi masa addu'a. In ana Addu'ar Ubangiji aka kai wurin gafara, sai in rufe bakina." Na ce mata, "Mama, kin yi gaskiya a gaban Allah, kuma daga nan warkarwa take farawa." Wannan saƙo na irinta ne: matan aure, mazaje, iyaye da 'ya'ya, daga Kafanchan zuwa Kagoro, Kwoi, Zonkwa da Manchok, waɗanda suke zaune da wanda giya ta kama.

Yadda abin yake a cikinmu

A zamanin kakanninmu burukutu yana da wurinsa a gayya, da biki, da makoki. Da masu bishara na SIM suka kafa tashoshi a Kwoi da Kagoro, masu bi na farko sun rabu da shi, kuma ikilisiyoyinmu suka gāji wannan matsayi. Amma giya ba ta bar ƙasar ba, kama ta sāke. Barasa mai ƙarfi ta zo a ƙananan ledoji da kwalabe masu araha, waɗanda matashi zai sa a aljihu ba wanda ya sani. Saboda haka ne hukumar NAFDAC ta sanar a farkon 2024 cewa ta hana yin giya a ledoji da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2024, ta ce giya ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma mutum miliyan 209 ne suke cikin ƙangin ta har ba sa iya rabuwa da ita. Bayan kowane ɗayansu akwai iyali.

Mun kuma san raunukan ƙasarmu. Rikicin Kafanchan na 1987, na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011 sun bar mutane da asarar da ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Cutar da ta lalata gonakin citta a 2023 ta jefa gidaje da yawa cikin bashi. Wasu sun kai baƙin cikinsu ga Allah, wasu sun kai shi ga kwalba. Wannan ba ya wanke mashayi daga alhakinsa, amma yana taimaka mana mu ga mutumin da ke bayan warin giyar.

Tukunya ta biyu

Kowa a nan ya san yadda ake burukutu. Ana jiƙa dawa har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, sa'an nan a rufe ta a bar ta ta kwana har ta yi ƙarfi. A gidan mashayi akwai wata tukunya da ake dafawa haka, amma a cikin zuciyar waɗanda ba sa sha. Zagin da aka yi jiya, alkawarin da aka karya, kunyar da aka sha a gaban surukai, duk ana jiƙa su, ana juya su da dare, ana rufe su. Bayan shekaru sai su yi ƙarfi. Uwa ta fara huce fushinta a kan yara. Ɗa ya rantse ba zai je jana'izar ubansa ba. Addu'a ta bushe. Marubucin Ibraniyawa (12:15) ya kwatanta ɗacin rai da saiwa mai tsiro wadda take ƙazantar da mutane da yawa, kuma a gidajenmu muna ganin haka da ido.

Fushin kansa ba abin mamaki ba ne. Wanda aka cuta yana da dalilin yin fushi, kuma Manzo Bulus a Afisawa 4:26 ya yarda cewa mai bi yana fushi. Abin da ya hana shi ne a bar fushin ya kwana, domin fushin da ya kwana ƙofa ce ga Iblis. Damuwarmu a nan ita ce fushin da ya kwana shekara goma.

Darasi daga Abigiyel

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan gida ba. Nabal mai arziki ne, yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000, amma mutum ne mai taurin kai da mugun hali. Ya wulakanta manzannin Dawuda, Dawuda kuwa ya taso da mutum wajen 400 don ya hallaka mazajen gidan. Nassi bai ce Nabal yana sha kullum ba, amma ya nuna mana cewa a daren da rayukan gidansa suke cikin haɗari, shi yana biki, ya bugu ƙwarai. Mu lura da abubuwa huɗu da matarsa Abigiyel ta yi.

Na fari, ta tashi ta ceci gidanta. Ba ta zauna tana lissafin laifofin mijinta ba. Ta ɗauki abinci ta tari Dawuda a hanya. Na biyu, ta faɗi gaskiya game da halin mijinta, ba ta yi masa ƙarya don rufin asiri ba. Na uku, ta roƙi Dawuda kada ya ɗauki fansa da hannunsa, ya bar wa Ubangiji shari'a. Ita da ta fi kowa shan wahalar Nabal, ita ce ta hana a zubar da jininsa. Na huɗu, da ta komo ta same shi a buge, ba ta ce masa kome ba sai da gari ya waye, giyar ta sake shi, sa'an nan ta gaya masa duka. Faɗa da mutum yana cikin maye kamar zuba ruwa ne a kwando, kuma sau da yawa a nan ne duka yake farawa.

Kada kowa ya ɗauki ƙarshen Nabal ya mai da shi addu'a a kan mijinta ko ubansa. Abigiyel ba ta roƙi mutuwarsa ba. Ta yi abin da yake nata, ta bar wa Allah abin da yake nasa.

Gafara tana ƙirga bashi kafin ta yafe

Da Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa zai gafarta wa ɗan'uwansa, Ubangiji ya ba da misalin sarki da bawansa. Ana bin bawan talanti 10,000, bashin da ba zai iya biya ba ko da ya yi aiki dukan ransa, sarki kuwa ya yafe masa. Shi kuma ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari 100. Dinari ɗaya lada ne na aikin yini guda, saboda haka dinari 100 ba wasa ba ne. Yesu bai ce bashin ƙarya ne ba. Kuɗin makarantar da aka sha, shekarun da aka ɓata, mutuncin da aka zubar, duk bashi ne na gaske.

Saboda haka, 'yar'uwa, kada ki fara da cewa ba kome. Ki durƙusa ki ambaci abin da aka yi miki ɗaya ɗaya a gaban Allah, kamar yadda masu zabura suka yi kuka ba tare da ɓoye kome ba. Sa'an nan ki miƙa takardar bashin ga wanda ya ɗauki naki bashin a kan gicciye. Ma'anar gafara ke nan: na daina zama mai karɓar bashi, na bar shari'a a hannun Allah, yadda Romawa 12:19 ta koyar. Ba sai mashayin ya tuba za a yi wannan ba. In kin jira tubarsa, kin ba kwalba ikon mulkin zuciyarki. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Wanda yake zaune da mashayi yakan yafe da safe, a sāke cutarsa da yamma. Amsar da Yesu ya ba Bitrus, cewa gafara ba ta da iyakar lissafi, ta dace da irin wannan gida.

Abin da gafara ba ta bukata daga gare ka

Da yawa sun ƙi yafewa domin suna tsammani yafewa tana nufin miƙa wuya. A Galatiyawa 6 Bulus ya ce mu ɗauki nawayar juna, a aya ta 5 kuma ya ce kowa zai ɗauki nasa kaya. Duka biyun gaskiya ne. Kana iya yafe wa ɗan'uwanka, ka kuma ƙi biyan bashin da ya ci a gidan giya. Mace tana iya yafe wa mijinta, ta kuma ajiye kuɗin makaranta da hatsin gida inda hannunsa ba zai kai ba. Ɗa yana iya girmama ubansa ba tare da ya yi ƙarya a madadinsa a wurin aiki ba. Duk lokacin da muka share wa mashayi sakamakon shansa, muna tsawaita masa ciwon. Yarda kuwa ana gina ta ne a hankali, bisa ga abin da aka gani a aikace.

Inda akwai duka ko barazana ga rai, a fita da yara zuwa wurin da babu haɗari, a sanar da fasto da dattawa da dangin ɓangarorin biyu, in ya kama a sanar da hukuma. Dattawan ikilisiya, kada mu mai da mace gidan da ake dukanta da kalmar haƙuri kaɗai. Za mu ba da lissafi a kan wannan.

Mu kuma sani cewa giya tana sāke yadda jiki da ƙwaƙwalwa suke aiki. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya daina farat ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa, zufa, ruɗewa ko farfaɗiya, har ya rasa ransa. Irin wannan yana bukatar likita tare da addu'a. A fara da asibitin da ke kusa. Akwai kuma Asibitin Tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna, inda ake kula da masu fama da shaye-shaye. Kai mutum asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

In ya daina sha, tukunyar ba ta zube da kanta

A Amurka, Bill Wilson ya daina sha a ƙarshen 1934, kuma a 1935 shi da wani likita suka fara ƙungiyar Alcoholics Anonymous a garin Akron. Matarsa Lois ta yi shekaru tana aiki tana ciyar da gidan. Kowa zai zaci murnarta ta cika. Amma wata rana da ya ce ta shirya su tafi taro, sai ta wurga masa takalmi cikin fushi. A ranar ta gane cewa ita ma tana bukatar warkarwa. A 1951 ita da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya.

Yesu ya riga ya nuna mana wannan a Luka 15. Da ƙaramin ɗa ya komo, babban wansa ya tsaya a waje ya ƙi shiga. Shi ne ya yi noma, shi ne ya riƙe gida, ga shi ana yi wa mai barna biki. Uban bai tsawata masa daga cikin ɗaki ba, ya fita wurinsa ya lallashe shi. A ikilisiyoyinmu mukan tafa wa wanda ya ba da shaidar barin giya, mu manta da matar da ta yi shekara 20 tana sayar da itace don yara su ci. Zumuntar Mata, Zumuntar Maza da ƙungiyar matasa, ku fita wurin waɗannan. Ku ziyarce su, ku saurare su, ku riƙe asirinsu, ku taimaka da kuɗin makaranta in da hali. Kada abin da aka faɗa don addu'a ya zama hirar kasuwa.

Kammalawa

Uwar nan da na ambata ba ta sami sauƙi a rana ɗaya ba. Ta fara da addu'a gajeriya, cewa Allah ya ba ta nufin yafewa, domin a lokacin ko nufin ba ta da shi. Ta sami mata biyu da take buɗe musu zuciya. Ta daina jiran mijinta da faɗa da dare, ta koma yi masa magana da safe. Bayan wasu watanni ta komo teburin Ubangiji. A lokacin mijin bai daina sha ba tukuna, amma yaranta sun sāke jin muryar uwarsu tana waƙa a gida, kuma ta koma ambaton sunansa a addu'a.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba kai ne ka jefa shi cikin sha ba, ba kuma ikonka ne zai fitar da shi ba. Abin da Allah ya sa a hannunka shi ne zuciyarka. Ka kawo ta yau.

Mu yi addu'a: Ya Uba na sama, ka ga hawayen gidajen da giya ta shiga. Ka karɓi bashin da muke riƙe da shi, ka wanke mu daga ɗacin rai, ka ba mu hikimar Abigiyel da ƙarfin faɗar gaskiya cikin ƙauna. Ka kāre yaranmu, ka 'yantar da 'yan'uwanmu da suke cikin ƙangi. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.