Zunubin Wa Ya Tsare Damina?

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa a shekarar 1973, ko a 1984, ba ya bukatar a siffanta masa halin da gari yake shiga idan damina ta yi nisa gero yana naɗe ganye, hadari ya haɗu a gabas da la'asar, jama'a su fito ƙofar gida suna zuba masa ido, sa'an nan iska ta watsa shi bai zubar da ko ɗigo ba. A irin wannan lokaci ne liman yakan sa a yi shela a fita filin idi, manya da yara, a yi sallar roƙon ruwa, a juya riguna, a yawaita istigfari, kuma huɗubar ranar kusan ɗaya ce a kowane gari, wato tauye mudu da hana zakka da alfasha su suka rufe sama. Ban taɓa yin kokwanto game da wannan salla ba, domin sunna ce tabbatacciya. Amma akwai wata mas'ala da ta daɗe tana damun zuciyata: idan zunubi ne ya hana ruwa, me ya sa farin ya fi cin manomin ƙauye da Bafillacen daji da Buzun Azbin, waɗanda ba su da hatsin da za su tauye wa mudu, alhali manyan biranen duniya, inda aka fi tara dukiya da ɓarna, suna shan ruwansu lafiya?

Abin mamaki shi ne malaman kimiyya ma, da farko, wurin talakan nan suka nufa da tuhuma. A shekarar 1975 Jule Charney, malami a jami'ar MIT ta Amurka, wanda yana cikin waɗanda suka fara sa kwamfuta ta yi hasashen yanayi tun 1950, ya fito da wani bayani mai kama hankali. Ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa, aka sare itatuwa, ƙasa ta zama fara fat, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama maimakon ta sha shi, iskar da ke bisanta ta yi sanyi ta sauko ƙasa, kuma iska mai saukowa ba ta haɗa girgije. Ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa, haka abin zai yi ta cin kansa. Shi Charney zato ne na ilimi ya gabatar don a jarraba, kuma akwai gaskiya a cikinsa, amma da maganar ta fita daga hannun malamai ta shiga ofisoshin gwamnatoci da hukumomin agaji, sai ta zama hukunci yankakke: makiyayi da mai saran itace su suka jawo hamada da hannunsu.

Daga baya bincike ya karkata zuwa teku. A 1986 Folland da Palmer da Parker, na hukumar yanayi ta Ingila, suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da wani sauyi a zafin ruwan teku, inda tekunan kudancin duniya suke ɗumama fiye da na arewa. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta biyu suka ba kwamfuta ma'aunin zafin teku na shekaru masu yawa, ba su gaya mata komai game da kiwo ko saran daji ba, sai ga shi ta fitar da damina mai albarka ta shekarun 1950 da kuma ƙamfar ruwan da ta biyo baya, kusan yadda aka gan su. Ma'anar wannan ita ce asalin farin yana can cikin ruwan da makiyayin Damargu bai taɓa gani ba, lalacewar ƙasa kuwa ƙari ce kawai a kan cutar.

Sai tambaya ta koma kan abin da ya sanyaya tekun Atlantika ta arewa, kuma a nan ne maganar ta fi nauyi. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antu da tashoshin lantarki na Turai da Amurka sun yi ta ƙona kwal da mai, hayaƙinsu cike da farar wuta, wadda takan zama ƙura mai laushi a sararin sama, ta tare hasken rana, ta sa girgije ya ƙara fari. A 2002 Leon Rotstayn da Ulrike Lohmann suka nuna da lissafi cewa irin wannan ƙura tana iya sanyaya arewacin duniya har ɗamarar ruwan nan da take hawowa mana daga kudu kowace bazara ta kasa isowa inda ta saba. Da waɗannan ƙasashe suka kafa dokokin rage farar wuta, don ceton dazukansu da huhun 'ya'yansu, ruwan Sahel ya soma farfaɗowa daga shekarun 1990. Wajibi ne a faɗi cewa har yanzu malaman suna saɓani a kan girman rabon hayaƙi da rabon jujjuyawar teku ta ɗabi'a da ɗumamar tekun Indiya. Kuma fari ya girmi wannan hayaƙi na bayan yaƙin duniya na biyu, ga yunwar Kakalaba ta 1914 shaida. Sai dai rabon hayaƙin, kome ƙanƙantarsa, ba a iya share shi.

Wani zai ce wannan bincike shisshigi ne cikin ikon Allah, ya kawo hadisin Hudaibiyya, inda aka zargi masu jingina ruwa ga taurari. Amma abin da aka zarga shi ne ƙudurta cewa tauraro yana da tasiri da kansa. Malamanmu na tauhidi, tun daga Gazali da misalinsa na wuta da auduga har zuwa Sanusi, wanda ake karanta littattafansa a zaurukan Kano da Katsina, sun tabbatar da hukuncin al'ada, wato Allah yana halittar ƙuna a yayin haɗuwar wuta da auduga, bisa tsarin da ya ga dama ya gudanar. Kuma babu malamin da ya taɓa cewa don haka wanda ya cinna wa rumbun maƙwabcinsa wuta ba shi da laifi. Mai auna zafin teku al'adar Ubangiji yake karantawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ban musa ba cewa nassi ya danganta tsarewar ruwa da saɓo. Abin da nake musu shi ne gaggawar da muke yi wajen nuna mai saɓon da yatsa. Aya ta 41 a Suratur Rum ta jingina ɓarnar tudu da ta teku ga aikin hannayen mutane, ba ta ware wata ƙabila ko wani gari ba. Aya ta 25 a Suratul Anfal kuma ta yi gargaɗi cewa fitina ba ta tsayawa kan azzalumai kaɗai. Ranar da rana ta yi husufi, mutanen Madina suka ce don rasuwar Ibrahim ɗan Annabi ne, sai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kansa ya hana su wannan fassara. A shekarar yunwa ta Ramada kuwa Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa tare da Abbas baffan Annabi, ya kuma rubuta wa Amru ɗan Asi ya aiko da abinci, ya dakatar da haddin sata, domin ya san yunwa ba hujja ba ce a kan mayunwaci.

Saura mas'alar hakki. Injiniyan da ya hura tukunyar kwal a Jamus ko a Ohio a 1965 bai san da zaman garken kowa a bakin tafkin Chadi ba, saboda haka ban ɗora masa zunubin ganganci ba. To amma fiƙihunmu na Malikiyya ya raba zunubi da ramuwa: mai kuskure an ɗauke masa alhaki, amma dukiyar da ya halaka sai ya biya. Da wannan ƙa'ida ce alƙalan ƙasarmu suke hukunta makiyayin da shanunsa suka faɗa gona da dare yana barci, a ƙiyasta ɓarnar, ya sayar da maraƙi ya biya. Shi an yi masa wannan hisabi a kan kadada guda ta dawa, amma garkensa da ya ƙare ƙurmus a 1973 ba a taɓa zama an ƙiyasta shi ba, balle a nemi mai biya. Yau kuma hayaƙin da ake magana a kansa shi ne mai ɗumama duniya, wanda Charney ɗin nan ya shugabanci kwamitin da ya auna haɗarinsa tun 1979, har uzurin rashin sani ya faɗi daga wannan shekara.