Hukuncin Tsofaffin Kuɗin Da Aka Tono A Ƙasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata na'ura wadda ake bin ƙasa da ita, in ta zo kan ƙarfe binne sai ta yi ƙara. A Ingila da ƙasashen arewacin Turai mutane sun mai da ita abin shaƙatawa, suna bin gonaki suna tono tsofaffin kuɗi da zobba. Masu neman zinariya sun shiga da ita Sudan, da Jado ta ƙasar Nijar tun 2014. Ko babu na'ura ma, manomi ko mai haƙa harsashin gini yakan ci karo da tulu a kufai. Galibi tambayar da akan fara yi ita ce, nawa zai yi a kasuwa? Shari'a kuwa tambayarta ta farko ita ce, wane ne ya binne shi?

Dalili shi ne, abin da aka tono bai wuce ɗayan biyu ba. In binnewar mutanen jahiliyya ce, sunansa rikazi, kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya wajabta fitar da humusi daga cikinsa, watau kashi ɗaya cikin biyar. A mazhabar Imamu Malik ba a jiran nisabi ko zagayowar shekara, sai fa in an sha babbar wahala ko an kashe kuɗi mai yawa wajen fitar da shi, to a nan zakka ce kurum. Ragowar ta mai ƙasar ce, ba ta mai na'ura ba, sai in ƙasar ba ta da mai ita. In kuwa binnewar Musulmi ce ko ɗan amana, tsintuwa ce. Hadisin Zaidu ɗan Halidu ya umarci mai tsintuwa ya kiyaye siffar mazubin da maɗaurinsa, ya yi cigiya shekara guda. Wanda ya fitar da humusi daga dukiyar Musulmi ya cinye saura bai yi ibada ba, ya ci haƙƙin magada ne.

To, yaya za a rarrabe? Malaman fiƙihu sun ce a duba alama. Gicciye, ko gunki, ko sunan sarkin kafirai, alamar jahiliyya ce. Aya, ko kalmar shahada, ko sunan halifa, alamar Musulunci ce. In babu alama ko ɗaya, Muhtasar na Halilu ya riskar da shi ga rikazi. Maganar tana da sauƙi a littafi, amma a tafin hannu tana son ilmin tarihi.

Musulmi ba su sami kuɗinsu mai rubutu zalla ba sai a shekara ta 77 bayan Hijira, zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya buga dinari mai nauyin giram 4.25 ba tare da hoto ba. Kafin wannan, gwamnonin Musulmi a Iraƙi da Farisa suna buga dirhami da hoton Kisra a fuska ɗaya, da wurin bautar wuta a ɗaya fuskar, sai su ƙara Bismillahi a gefe da ƙananan baƙaƙe. Mai gaggawa zai ga hoto ya ce na majusawa ne, alhali kuwa Musulmi ne suka buga shi, Musulmi suka yi ciniki da shi.

Akasin haka ma ya faru. A gidan tarihi na Landan akwai dinarin Sarki Offa, Kirista, wanda ya mulki wani yanki na Ingila daga 757 zuwa 796. Maƙeransa sun kwaikwayi dinarin Halifa Mansur na shekara ta 157, har da kalmar shahada, sa'an nan suka cusa sunan sarkinsu da rubutun Rumawa a tsakiya, a kife, abin da ke nuna ba su iya karanta abin da suka kwafa ba. Ba sai an je nesa ba ma. Kwabo da anini masu huda na zamanin Turawa suna ɗauke da rubutun Larabci mai faɗin darajarsu, kuma ba sarkin Musulmi ne ya buga su ba. Ganin baƙin Larabci kaɗai ba hujja ba ce, sai an karanta abin da ya ce. Karatun kuwa ba na kowane almajiri ba ne, gama rubutun dirhami Kufi ne marar ɗigo, ba ya rarrabe ba da ta da nun.

Abin da ya fi wannan zurfi shi ne taskar Spillings, wadda aka gano da na'ura a tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin a 1999. Azurfa ce mai nauyin kilo 67, da kuɗi fiye da 14,000, kusan dukkansu dirhamin Musulmi. Dirhami yakan faɗi garin da aka buga shi da shekarar, don haka masana suka nemi mafi ƙuruciya a cikinsu, suka same shi na wajejen 870, suka san ba a binne taskar kafin nan ba. A wannan zamani mutanen tsibirin matsafa ne, fatake masu kai fatu da bayi gabas su komo da azurfa. Rubutun na Musulunci ne, binnewar ta jahiliyya ce. Ke nan alama shaida ce kawai, hukunci yana bin wanda ya binne, kuma wurin da aka samu abin yana cikin masu ba da shaida.

Shekarar da ke jikin kuɗi ita ma takan yaudari mutum. Liyari, azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da fatake suka shigo da ita ƙasar Hausa, an ci gaba da buga ta da shekarar 1780 har bayan ƙarni biyu. Tulun liyari ko na wuri a kufan garin Musulmi, ko da hoton mace a jiki, mafi rinjayen zato ajiyar Musulmi ce, kuma mai yiwuwa jikokinsa suna nan da rai a unguwar. A yi cigiya. In zamani ya yi nisa har an ɗebe tsammanin magaji, waɗansu malamai sun ce makomarsa baitulmali.

Saboda haka wanda ya goge kuɗin da toka ko yashi, ko ya ruga da su wurin maƙeri aka narkar, ya shafe shaidar da za a yi masa hukunci da ita. Kamata ya yi ya bar su da tsatsarsu da tulunsu, ya kiyaye wurin, ya kai wa masani. Hukuma ma tana da magana. Dokar Ingila ta 1996 ta ba mai tsintar taska kwana 14 ya kai rahoto, a Nijeriya kuma dokar 1979 ta sa kayan tarihi ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da su waje ba da izni ba. Amma kaburbura, malaman Malikiyya sun karhanta tone na mutanen jahiliyya don neman dukiya, na Musulmi kuwa haramun ne, ko da na'ura ta yi ƙara a kansu.